Yarinyar da Baba yake nema

Yaya,

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata da muke zama benci ɗaya ba ta sani ba. Kullum da safe ina keta jar danja a babbar mahaɗa. Ni ɗin nan, 'yar mai koyar da tuƙi, a kan kekenka.

Ka yi haƙuri da na sa wannan gaba da gaisuwa, na san in na tsaya gaishe ka zuciyata za ta karaya in yage takardar. To, ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau. Ciwon bayan Mama ya yi sauƙi, sai dai ba ta jin magana, da ta ga wanki sai ta sunkuya. Baba yana nan da 'yan koyonsa, shekaranjiya wata ta kusa shigar masa da mota shagon mai aski.

Ka tuna ranar da za ka tafi, da Mama ta ce ba 'yarta ba hawa titi da keke? Baba ne ya tsaya mini. Ya ce ya yarda in riƙa zuwa makaranta da shi, amma da sharaɗi: ranar da ya ji na karya dokar hanya, komai ƙanƙantarta, ranar zai rataye keken a sito. Na ce na ji, kuma har cikin raina na yi niyyar cikawa.

Bayan tafiyarka aka buɗe wurin ɗiban yashi a bayan gari. Yanzu tifofi ne suke cika mahaɗar da safe, kuma dukkansu dama suke karyawa. In na tsaya a kan layi, a gefen dama kamar yadda Baba ya koya mini, sai tifa ta zo ta tsaya a jikina. Tayarta ta kai mini kafaɗa, zafin injin yana dukan fuskata. Direban yana can sama, bai san da ni ba. Da kore ta kawo ni zan miƙe, shi kuma zai karya dama, ta inda nake. Ranar nan wata ta kamo jakata har hannun ya tsinke. Na ce wa Mama ƙusar benci ce.

Sai na lura da wani bawan Allah mai natsuwa da yake zuwa a kekensa daidai lokacin da nake zuwa. Bai taɓa ce mini uffan ba. Akwai ɗan lokacin da danjar ɗaya hannun ta riga ta koma ja, tamu kuma ba ta kawo kore ba, mahaɗar ta yi fayau kamar an share ta. Sai ya kalle ni, ya gyaɗa kai, mu wuce tare. Kafin tifar ta saka giya mun riga mun haye.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Layin mai hayar littattafai hannu ɗaya ne, in na bi ta daidai sai na zagaya bayan kasuwa, in tarar ya rufe. To wani lokaci nakan shiga ta baya.

Abin da ya hana ni sukuni: Baba ya ce zai fara bi da manyan 'yan koyonsa ta mahaɗar da safe, don su saba da cunkoso. Yaya, ya zan yi? Ka ba direban da ke kawo mana saƙonka amsa. Kada ka kira wayar Mama, ka san a fili take sa murya, har maƙwabta su ji.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarki bayan ta gama yawo a aljihun direba, ta iso tana warin fetur. Ina lafiya, sai ɗan tari na ƙurar siminti. Har yanzu muna ja wa dogon benen nan waya, kullum ana cewa mun kusa gamawa. Ki gaishe da Mama, ki ƙwace wankin daga hannunta.

Wato Malama Mafarki an girma. Na karanta, na sake karantawa, wuri ɗaya idona yake komawa: “wani bawan Allah mai natsuwa.” Ya kalle ki, ya gyaɗa kai, kun wuce tare. Saura me, ruwan sama ya sauko ku shiga laima ɗaya? Littattafan nan sun gama da ke. Mutum ya yafito ki da ido cikin jar wuta, ke kuma kin bi.

Ni na yi shekaru ina bin mahaɗar nan da keken nan, ko ƙwarzane ban taɓa samu ba. Babbar mota tana da madubi, direba kuma ba makaho ba ne. Ki tsaya a kan layi, ki kaɗa ƙararrawa ya san kina nan, in kore ta kawo ki wuce abinki. Wadda take shiga layin mai littattafai ta baya don kada labari ya huce, ita za ta ce mini tsoron tifa take? Duk gaggawa ce.

Ki yi tunani. In wani ya taho a guje daga ɗaya hannun yana son ya riga ja, wa zai tarar a tsakiya? Ke. Kuma kowa zai ce ke ce da laifi. Sannan Baba da sunansa yake ci. Wa zai kawo ɗansa koyon tuƙi wurin mutumin da 'yarsa take keta danja?

Ba zan faɗa ba, amma ki daina. Shi kuma mai gyaɗa kan, ki ce masa kina da yaya. Ki sa wa sarƙar mai.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ka lafiyar tarin. Kowa lafiya a nan, ban da gwiwata, zan zo kanta.

Bawan Allah mai natsuwa ya girmi Baba. Gemunsa fari fat, ƙwai yake kai wa shaguna, kiret a kan kiret ɗaure a bayan kekensa. Shi ne saurayin da ka yi mini. Na rubuta maka shafi biyu a kan taya da ta kai mini kafaɗa, kai layi ɗaya kawai ka gani. Da na karanta amsarka sai da na shiga bayi na yi kuka don haushi. Mutumin nan ko ɗan rami ba ya yarda ya faɗa saboda ƙwansa, ka taɓa tambayar kanka me ya sa ba ya jiran kore?

Maganar layin mai littattafai, ka yi gaskiya. Son raina ne, ba wani tsoro a ciki. Na daina. Yanzu ina tsakiyar wani labari, an bar mini baiwar Allah tsaye a tasha da akwati, ban san ko ya zo ya tare ta ba, kuma na haƙura. Amma kada ka haɗa mini wannan da wancan. Ba ɗaya ba ne.

Na gwada taka shawarar, don kada ka ce ban ji maganarka ba. Ranar farko na tsaya a kan layi, tifa ta zo ta tsaya, na kaɗa ƙararrawa. Yaya, ni kaina ban ji ta ba. Kore ta kawo, na kasa motsi, na jira tifar ta gama karyawa, sai wata ta biyo ta, sai wata. Wani mai mota ya leƙo ya ce in ban iya ba in koma gida in yi wanke-wanke. Duk mahaɗar sai da ta juyo ta kalle ni.

Washegari na ce yau da kore ta kawo zan taka, ai hanyata ce. Na taka. Ita ma ta taka. Na ga gefenta yana rufo ni kamar ana tura ƙofa, sai na saki hanya na faɗa kwata. Gwiwata ta ɓare, tafin hannuna ya goge, kwandon gaba ya lanƙwashe. Direban bai ma san an yi ba, ya tafi da waƙarsa a rediyo. Wata mai sayar da katin waya ce ta ɗago ni ta wanke mini ciwon, tana cewa, “'Yar nan, ke ba ki ga abin da tsohon can yake yi ba?” Ka ji. Ranar da na bi doka ita ce ranar da aka yi mini faɗa.

Na gwada sauka in tura keken ta gadar masu ƙafa. Sai ka gangara can ƙasa, ka ɗaga keke ka hau matakala, ka sauko, ka dawo. Na tarar mai gadi ya rufe ƙofar makaranta. Aka sa mu tsintar leda a gaban azuzuwa, kowa yana leƙe ta taga. Ka san ni, na fi son a zane ni a ɓoye da a kalle ni a fili.

To na koma bin mai ƙwai. Kullum ina duba hagu da dama har wuyana ya gaji, don na san abin da ka faɗa a kan mai tahowa a guje ba ƙarya ba ne. Amma shi ina ganinsa tun daga nesa. Tifa kuwa tana jikina.

Gwiwar ina ɓoye ta a ƙarƙashin dogon wando. Kada ka tambayi Mama lafiyar gwiwar.

Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Shiru. Kullum in na biya ta tasha sai a ce mini motar direban tana wurin makaniki. Ban sani ba ko takardata ta isa, ko fushi kake. Muna lafiya. Gwiwa ta kama ɓawo.

Abin ya faru. Baba ya gan ni.

Sai dai bai gane ni ba. Da yamma muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce yau ya ga abin takaici. Wai yana layi na uku a mahaɗa da ɗan koyo, sai ga wata yarinya da yunifom ɗin makarantarmu ta keta ja tsaf, ita da wani tsoho. Daga baya ya hango ta, kuma ka san mu duka kala ɗaya ne daga baya, hijabi ɗaya, jaka iri ɗaya. Ya ce nan take ya nuna wa ɗan koyon, ya ce, “Ka ga waccan? Ba laifinta ba ne, laifin ubanta ne da ya ba ta keke bai ba ta tarbiyya ba.”

Mama ta ce, “Ai shi ya sa ni hankalina ba ya kwanciya.” Baba ya ce, “Haba, ki bar haɗa Auta da irin waɗannan. Auta ko ba kowa a titi sai ta fid da hannu kafin ta karya kwana.” Ya kalle ni yana murmushi. Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige.

Bai tsaya nan ba. Ya ce 'yan mata nawa ne suke zuwa makarantarku da keke ta wannan hanya? Na ce ban sani ba. Ya ce in bincika masa. Wai yana son ya je har gida ya sami mahaifinta, cikin mutunci, ya gaya masa ya karɓe keken kafin a kawo masa gawa. Ya ce wannan ba gulma ba ce, ceton rai ne.

Tun ranar, da na shigo gida tambayar ke nan. “Auta, kin samo mini ita?” Na ce ana jarrabawar gwaji. Na ce ba ta zo ba. Jiya na ce ina jin 'yar wani ajin ce. Mu uku ne kacal muke bin hanyar nan da keke, in ya je ya tambayi shugabar makaranta, ɗaya daga cikin su biyun za a fara kira, kuma ba su yi komai ba.

A littafi, in aka kai irin wannan wuri, sai wani ya shigo ya yi bayani mai daɗi, kowa ya yi hawaye a rungume juna. Ni in na buɗe baki gaban Baba sai harshena ya naɗe. Wallahi wani lokaci ji nake da ma in rabu da keken nan in huta.

Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Auta

*

Auta,

Takardunki biyu tare suka iso, yau ɗin nan. Tari ya tafi. Ina fata gwiwar ba ta yi ruwa ba. Ki wanke ta da ruwan gishiri, ki daina rufe ta.

Ki yafe mini maganar saurayi. Ki gaishe mini da surukin nawa mai ƙwai.

Da na gama karantawa na kasa komawa kan aiki. Akwai tifa da ke kawo mana yashi, na roƙi direban ya bar ni in hau kujerarsa. Na sa abokin aikina, wanda ya fi ni tsawo, ya tsaya jikin tayar gaba ta dama. Auta, ban gan shi ba. Na leƙa madubi, na miƙe, na sunkuya, babu shi. Sai da ya ɗaga hularsa sama na hango bakinta. Na sauko. A nan kike tsayawa kullum, ni kuma na ce ki kaɗa ƙararrawa.

Kin yi gaskiya. Amma ba zan ce miki ki ci gaba da keta ja ba, bakina ba zai iya ba. In kin tsaya akwai tifa, in kin wuce akwai mai gudu. Hanyar nan ba ta keke ba ce yanzu.

Tunda ke ma kin ce kin fi son ki rabu da shi ki huta, ga dabara. Ƙarshen mako zan kira Baba in ce ina bukatar kekena a nan, masaukina ya yi nisa da wurin aiki. A ɗora shi a motar direba. Baba ya riƙa sauke ki da safe a motar koyo. Yarinyar da yake nema ta ɓace, ba wanda aka kira, ba wanda ya ji kunya. Ke dai ki yi shiru, wannan kin iya.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Gwiwa ta warke, sai tabo. Mama ta gani da nake alwala, na ce faɗuwa na yi, wannan dai ba ƙarya ba ce.

Na gode da ka hau tifar. Da gaske nake. Amma ka san abin da ya ba ni haushi? Da ba ka yarda da ni ba, ka ce in tsaya inda za a take ni. Da ka yarda da ni, ka ce in sauka. Mama ta ce in sauka. Mai motar nan ya ce in sauka. Ba wanda ya ce tifa ta jira.

Kuma ban ce ina son rabuwa da keken ba. Mutum ba zai faɗi magana cikin takaici ba sai an ɗauke ta an kai tasha? Kai da kake tsallake shafi biyu, wannan layin ne ka riƙe.

Ba ka san mene ne keken nan a wurina ba, don kai tun kana ƙarami kake fita ba mai tambayarka. Ni daga ɗaki sai kicin, daga kicin sai aji. A gida ana aikena, a aji ana kallona. A kan keke ne kawai ba mai kirana. Akwai gangaren nan bayan asibiti, in na saki feda iska ta cika mini hijabi, sai in ji ni ce wadda ake ba da labarinta, ba mai karantawa ba. Ka yi dariya in kana so. Sannan darasin yamma fa? Motar koyo ba ta da lokacin tashi, in ta ɗauke ni da rana shi ke nan na rasa darasin, kuma jarrabawa tana tafe. Ka taɓa zama a bayan ɗan koyo? Kafin a kai makaranta hanjinka ya juye.

Dabararka za ta yi aiki, na sani. Zan rasa keken cikin rufin asiri, Baba ya ci gaba da nuna ni a matsayin 'yar kirki, yana ba 'yan koyonsa labarin wata marar tarbiyya. Da safiyar yau ya ce tunda na kasa, gobe zai biya makarantar da kansa. Ɗaya daga cikin sauran masu keken biyu marainiya ce, a gidan kawunta take, in aka je da irin wannan ƙara ba keke kaɗai za a karɓe mata ba.

Na gwada faɗa masa. Na kai masa ruwa yana wanke mota, na tsaya, na ce, “Baba.” Ya ce, “Na'am?” Na ce, “Sabulun ya isa?”

To tunda bakina ya ƙi, hannuna bai ƙi ba. Kada ka kira ƙarshen mako. Wannan takardar ma ba za ta iso ka ba sai ta biya ta wani hannu, in ya ga dama ya aiko maka.

Baba, ka yi haƙuri. Ni ce yarinyar. Ba ka gaza ba ni tarbiyya ba, duk abin da ka koya mini ina yi, har fid da hannu a titin da ba kowa. Na karya alkawari, na yi maka ƙarya a kan jakata da kuma binciken da ka sa ni, na kuma sha shiga layin mai littattafai ta baya, wannan ba ni da hujja a kansa. Sharaɗinka yana nan, sito ma yana nan. Abu ɗaya nake roƙo kafin ka rataye shi. Gobe, maimakon makaranta, ka bar motar a gida ka zo mu je mahaɗar. Ka riƙe keken da hannunka, ka tsaya a kan layi a gefen dama, inda ka ce in riƙa tsayawa, ka jira tifa ta zo. In kore ta kawo, duk abin da ka yi, shi zan riƙa yi. Kai ka san hanya, ni ban san ta ba. In akwai yadda zan bi doka in kuma isa da raina, ka nuna mini, wallahi ba daɗin keta ja nake ji ba. In babu, ka faɗa mini da bakinka, sai in san abin da aka karɓe keken a kansa.

Yaya, ga shi can ya dawo, yana zaune a ƙofar ɗaki yana cire takalmi. Mama tana kicin. In na sake karantawa na san ba zan bayar ba. Don haka ba zan karanta ba. Na tashi.

Auta